Jan Biron Babban Edita

Wata tara ke nan babu mai gyara mini magana a gidan nan. Ina faɗin abin da na ga dama, in ajiye kalma inda ta faɗi, babu wanda zai leƙo daga bayan jarida ya ce, "Ba haka ake cewa ba." Teburinsa na nan a kusurwar falo, da kujerar nan mai ɗingishi, da jan bironsa guda huɗu a cikin tsohon kofin shayi. Mai su ne babu. Masu zuwa gaisuwa sukan sunkuyar da kai, ni ma in sunkuyar, amma da zarar wani ya ambaci mujalla sai ka ga kafaɗu sun fara rawa. Tunda dariyar ta ƙi ɓoyuwa, gara in ba da labarin yadda ya faru, ni da aka yi komai a gabana. Karatuna bai yi nisa ba, a aji shida na tsaya. In kun ga kuskure ku bar shi, mai gyarawa ya tafi.

Maigidana ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa, goma sha biyun ƙarshe yana hedimasta. Mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, sai dai Allah ya yi masa baki. In ya kama kifi kamar yatsa, kafin ya iso gida kifin ya kai kamu guda, kafin mako ya zagayo sai mutum biyu sun taya shi ɗauka. Labarin da ya fi so shi ne na makarantar ƙauyen da aka fara tura shi muna sabon aure. A bakinsa, kango ya tarar, ya bar ajujuwa shida da ɗalibai ɗari huɗu. Ina wurin. Ban taɓa cewa komai ba, don ba a tambaye ni ba.

Yana da aboki guda, tsohon sufeton makarantu, kowa Sufeto yake ce masa. Tun suna makarantar horon malamai suke musu, kuma ba su taɓa gama ko ɗaya ba. Shi Sufeto an taɓa buga masa maƙala a wata mujallar jami'a, shafi biyu da rabi, ya sa aka manne ta cikin leda, yana yawo da ita a aljihu kamar katin asibiti. Wata la'asar suna zaune a rumfar telan da ke maƙwabtaka da mu, Maigida na cikin gina ajujuwansa shida, har ya kai ga rufi, sai Sufeto ya zaro ledar ya shiga fifita da ita.

"Mutumina, duk wannan aiki da ka yi, a ina aka taɓa buga sunanka? Ban da takardar sallama daga aiki."

Tela ya yi dariya har allura ta soke shi. Maigida ya miƙe ya bar musu rumfar. Ya shigo gida ya tsaya tsakiyar falo yana huci.

"Maman yara, daga yau gidan nan ofis ne. Zan kafa mujalla."

"Ta me?"

"Mujallar Nazarin Ilimi da Ci Gaban Al'umma, ta ƙasa da ƙasa."

"Wace ƙasa da wace ƙasa?"

"Wannan, da duk wadda labari ya kai. Ni ne Babban Edita. Ke ce Sakatariya. Maƙalata ce za ta zo a shafin farko, sunana a samanta da manyan baƙaƙe, Sufeto na zaune a layin gaba yana kallo. In na ga wannan, ko washegari aka kira ni na amsa."

Abin da yake so ke nan, ba wani abu ba: sunansa a bisa rubutunsa, a gaban Sufeto.

Washegari ya saka babbar riga ya tafi kwalejin horon malamai. Shugaban kwalejin tsohon ɗalibinsa ne, ba ya iya ce masa a'a. Ya yarda ya ba da zauren taro ranar ƙaddamarwa, ya kuma sa malamansa uku su kawo maƙala. Sai ya ƙara da shawara cikin ladabi.

"Malam, mujallar ƙwarai fa, sai an cire sunan marubuci kafin a tantance rubutunsa. Mai dubawa ba zai san na wa yake dubawa ba, don kada a yi son kai."

"Wannan ai ni na koya maka, ka manta ne," in ji Maigida.

Ya dawo gida yana maimaita dokar a hanya don kada ta zube.

Cikin wata guda maƙala shida suka taru: uku na malaman kwaleji, ɗaya ta Nas ɗin asibitin unguwa, ɗaya ta Malamin Gona, wani tuzuru da ya haura hamsin bai taɓa aure ba, ɗaya kuma ta Sufeto, wanda ya ce ya kawo ne don ya ga ƙarshen abin. Maigida ya kafa wa kowa sharaɗi: dole kan maƙala ya ƙunshi kalma huɗu, wato nazari, ilimi, ci gaba da al'umma, in ba haka ba, ba ilimi ba ne, hira ce. Haka aka yi. Wannan ya rubuta Nazarin Ilimi don Ci Gaban Al'umma, wancan ya rubuta Ci Gaban Al'umma ta Hanyar Ilimi: Nazari, na gaba ya juya su ta wata fuskar. In ka karanta su a jere sai kanka ya yi jiri.

Saura ta bakwai, wadda za ta girgiza jami'o'i. Mako uku yana zaune a teburin nan. Ya sha shayi ya kai tulu guda. Da na leƙa, kan maƙala ne kawai da sunansa, ya ja masa layi biyu a ƙasa.

"Malam, ba ga wancan rahoton da ka rubuta muna ƙauye ba? Wanda ka ce za ka kai kwas, aka fasa kwas ɗin. Yana ƙasan akwati."

Ya gyara zama. "Ai dama shi nake nufi. Jira nake in ga ko Sakatariya na aikinta. Ɗauko ki kai wa mai ɗab'i, ki haɗa da wannan kan."

"Ba za ka karanta ba? Shekara talatin da wani abu fa."

"Wanda ya haƙa rijiya ba ya tambayar zurfinta."

Na kai. Mai ɗab'i ya buga duk bakwai ɗin da baƙaƙe iri ɗaya, kamar yadda aka umarce shi, suka dawo kamar 'yan gida ɗaya ranar aski. Maigida ya share tebur, ya wanke hannu, ya ce in ba shi almakashin ɗinkina. Ya runtse ido rabi don kada ya ga suna, ya bi kowace maƙala ya datse samanta, kan da sunan gaba ɗaya. Ya juya 'yan guntayen ya rubuta musu lamba a baya, ɗaya zuwa bakwai, ya zuba su cikin gwangwanin madara, ya naɗe da salatif har zagaye biyar, ya miƙo mini da hannu biyu.

Na dubi gwangwani, na dubi maƙalun. Guntaye na da lamba. Maƙalu babu.

"Malam, ba ka sa lamba a jikin..."

"Sakatariya ba ta magana lokacin tantancewa."

Na ja bakina.

Da Tela ya tambaye shi su wa za su duba rubutun, ya ce kwamiti ne na mutum uku.

"Su wa da wa?"

"Ni da safe, ni da azahar, ni da la'asar. Kuma kada ka ɗauka muna yarda da juna. Na la'asar ɗin nan ba shi da sauƙi."

Kwamiti ya zauna kwana biyar. Duk wadda ya karanta sai ya ba ta maki da jan biro, ya sake jera su, mai maki da yawa a sama. Kafin kwana uku an tashi jerin farko, ta ƙasa ta koma tsakiya, ta tsakiya ta hau sama. Guda ɗaya ce ta tafi da hankalinsa. Cike take da dogayen kalmomi, kowace jimla sai ka huta sau biyu kafin ka kai ƙarshenta. Ya karanta layi uku ya buga tebur.

"Wannan tawa ce. Ba a faɗa mini ba, amma jini ba ya ɓuya. Ji kalma, Maman yara. Ji nauyi."

"Me take nufi?"

"Ba don irinku aka rubuta ba."

Wata kuma ta tayar masa da hawan jini. Ina tsintar shinkafa ya shiga karanto mini ita yana tsaki.

"Saurari sakarci. 'Malamin ya fara da ɗalibai goma sha ɗaya a ƙarƙashin rumfa, rumfar kuma ta faɗi sau biyu.' Sha ɗaya. Ko kunya bai ji ba ya rubuta. 'Wata shida ya yi yana dukan ƙararrawa da sassafe babu mai zuwa, yana zargin iyaye da ƙin ilimi, har wata tsohuwa ta ce masa: Malam, rijiya na da nisa, yaran da kake kira suna hanya da tulu a ka.' To ka ji. Tsohuwa ce ta koya wa malami aiki. 'Daga nan ya ɗauki bokiti ya riƙa bin su rijiya, yana koya musu ƙirga da takun ƙafa, a fara aji in an dawo.' Malami da bokiti. Wannan Sufeto ne. Na san ƙanƙantar tunaninsa ko a duhu."

Shinkafa ta tsaya a hannuna. Bokitin nan na san shi, shuɗi ne, da shi aka kawo ni gidan miji. Rigar da rumfa ta yaga ni na ɗinke ta. Mutumin nan ya shekara talatin yana ƙara wa labarinsa bulo, har ya tashi bai gane harsashin ba.

"Baban yara, wannan maƙalar fa..."

Ya toshe kunnuwansa da yatsu. "Kada ki faɗa. Doka ta hana edita sanin mai rubutu."

"Ai yanzu ka ce ta Sufeto ce."

"Wannan basira ce, ba sani ba. Basira ba ta karya doka."

Na sake gwadawa da rana yana cin abinci. Ya ɗauki kwanonsa ya koma rumfar Tela ya ƙarasa a can. Na gwada da safe yana aske gemu, ya kunna rediyo har maƙwabta suka leƙo. A rana ta biyar na ga ya cire murfin sabon jan biro, ya rubuta a gicciye bisa shafin farko: "Mai wannan rubutu bai taɓa riƙe alli ba. A kore ta." Ya sa hannu sau uku, na safe da na azahar da na la'asar. Na ce a raina, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Ranar kai aiki wurin mai ɗab'i na bi shi riƙe da gwangwani. Shagon ƙarami ne, warin tawada da zafin inji, takardu har rufi. Aka yanke salatif, aka zazzage guntaye bisa tebur. Mai ɗab'i ya juya maƙala ta farko, ya duba gaba, ya duba baya.

"Ranka ya daɗe, wace ce ta wace? Ban ga lamba a jikinsu ba."

Na ga gumi ya tsatso a goshin Babban Edita. Ya ɗauki guntu ɗaya: nazari, ilimi, ci gaba, al'umma. Ya ɗauki wani: al'umma, ci gaba, ilimi, nazari. Ya dube ni. Na dubi rufi, tunda Sakatariya ba ta magana.

Amma gumin bai daɗe ba. Ya gyara hula.

"Lamba ta masu mantuwa ce. Ni a kaina nake ajiya."

Ya ɗauki guntun sunansa ya ɗora bisa mai dogayen kalmomi. Ya ɗauki na Sufeto ya jefa aljihu tare da korarriya. Sauran biyar ya bi su da lamba daga sama zuwa ƙasa, ya manta shi da kansa ya tashi jerin.

"Ko a kira marubutan kowa ya duba tasa?" in ji mai ɗab'i. "Ba zai ɗauki awa guda ba."

"Mujallar ƙasa da ƙasa ba ta bin gida-gida tana tambaya. Buga ɗari biyu. Ka ɗaure su da kirtani, kada ido ya gan su sai ranar."

Tela kuma ya ɗinka masa rigar masana, baƙa mai jan baki. Da yake bai taɓa ganin irinta ba sai a hoto, ya yi ta da yalwa, tana jan ƙasa kamu guda. Maigida ya ce haka ta manyan take.

Ranar ƙaddamarwa da hantsi zaure ya cika. Fanka na juyawa tana kuka, lasifika na ƙara duk lokacin da aka matso ta. Shugaban kwaleji na kan babban tebur, kusa da shi tarin mujallu a ɗaure. A layin gaba ga Sufeto ya harɗe ƙafa, ga Nas da mijinta, ga Malamin Gona ya sha sabon aski. Ni ina gefe da gwangwanin da babu komai ciki, don ya ce kayan tarihi ne.

Babban Edita ya yi minti arba'in yana magana. Ajujuwa suka zama takwas, ya kuma sanar cewa maƙalar shafin farko ta ci maki casa'in da tara. Sannan ya yanke kirtanin ɗauri ɗaya da almakashina, ya ce a raba, ya zaro korarriya daga aljihu ya ɗaga sama.

"Jama'a, don ku san mujallar nan ba ta wasa, maƙala bakwai aka kawo, shida muka ɗauka. Ba zan faɗi mai wannan ba, ni ma a dokance ban san shi ba." Ya kafe Sufeto da ido. "Amma zan ɗan karanta muku, don na baya su ji tsoron Allah."

Ya fara. Ɗalibai sha ɗaya. Rumfa. Tsohuwa. Yana karantawa yana kwaikwayon muryar Sufeto. Na ga Shugaban kwaleji ya ajiye kofin ruwansa a hankali, ya zuba masa ido.

Dariya ta taso daga bayan zaure. Maigida ya ji daɗi, ya ƙara murya. Bai san ba shi ake wa ba, mutane sun fara buɗe mujalla. Wani malami ya miƙe a baya.

"Ranka ya daɗe, a taya Malamin Gona murna. Shafi na ashirin da biyu." Ya karanta da ƙarfi: "'A matsayina na uwa mai 'ya'ya biyar, waɗanda na shayar da kaina...'"

Zaure ya kece. Malamin Gona ya miƙe zumbur.

"Ni? Ni ko kaza ban taɓa shayarwa ba."

"Ashe abin da ya hana ka aure ke nan," in ji Tela daga bakin ƙofa. "Renon yara ya yi maka yawa."

Nas na cikin dariya mijinta ya taɓa ta, ya nuna mata shafi na talatin. Sunanta ne a sama, ƙarƙashinsa kuma: "A shekara ashirin na aikina na fiɗiye bunsuru fiye da ɗari uku da hannuna." Mijin ya ɗan ja kujerarsa gefe.

"Edita," in ji Nas, "wallahi ka zo allura ka same ni."

Malaman kwaleji uku suka shiga musayar shafi kamar masu canjin takalma a ƙofar masallaci, wannan na cewa ga tawa a wurinka, wancan na cewa to ni tawa tana wurin wa. Maigida na gaban lasifika yana cewa a natsu, ƙananan kurakurai ne na mai ɗab'i. Mai ɗab'i ya ɗaga hannu daga tsakiyar jama'a ya ce yana nan, kuma yana da shaida.

Sai Sufeto ya miƙe. Bai yi sauri ba. Ya gyara tabarau, ya buɗe shafin farko.

"Mutumina, wannan mai sunanka da manyan baƙaƙe. Kalmar nan ta layi na uku, me take nufi?"

Maigida ya duba. Ya yi tari. "Kalma ce mai faɗi. Tana da fuska da yawa."

"Ba mu fuska ɗaya."

"Lokaci ba zai bari ba."

"Kada ka wahalar da kanka, ni ma ban sani ba. Amma ni na rubuta ta." Ya zaro rubutun hannunsa daga aljihu ya ɗaga. "Ga uwarta nan. Na gode da maki casa'in da tara."

Aka yi ta buga kujeru. Sufeto ya jira aka lafa.

"To yanzu a yi lissafi, tunda malamai ne a nan. Nas ta ga tata. Malamin Gona ya ga bunsurunsa. Malamai uku sun ga nasu. Ni ga tawa. Shida ke nan. Wadda ke hannunka, wadda mai ita bai taɓa riƙe alli ba, ta wa ce?"

Maigida ya dubi takardar, ya dubi jan rubutunsa da sa hannu uku. Ya juyo wajena a hankali.

"Sakatariya."

"Yanzu an yarda in yi magana?"

"An yarda."

"Bokitin nawa ne. Shuɗi. Har yau ba ka biya ni murfinsa ba."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani ya faɗo daga benci. Sufeto ya riƙe ciki yana neman iska. Ana cikin haka Shugaban kwaleji ya miƙe ya karɓi lasifika, shi ma yana share ido.

"Ni ne na bakwai a cikin sha ɗayan. Karo na biyu a kaina rumfar ta faɗi, ga tabon nan. Daga aji zuwa rijiya taku dubu ɗaya da ɗari biyu da arba'in ne, da su na koyi ƙirga. Malam, ban taɓa ganin ajujuwa takwas ɗin ba, amma bokitin na gan shi."

Maigida ya ja da baya don ya zauna, ya taka rigar masana, ya kama tebur don kada ya faɗi. Tebur ya bi shi. Mujalla ɗari da wani abu suka zubo masa, kirtani ya tsinke, almakashina ya yi tsalle ya faɗa gaban mijin Nas, wanda ya ƙara ja da baya. Aka ruga za a ɗaga shi. Ya ture hannaye, ya miƙe da kansa, hula a karkace, ya lalubo lasifika.

"Jama'a, kun gani da idonku. Mujallar da ta kori editanta, wa za ta ji tsoro? Ku nuna mini irinta a duk duniya."

Aka tafa masa har da tsayuwa. Rabin masu tafin ba sa iya tsayuwa sosai don dariya, amma ya karɓa duka.

Kwana biyu bai leƙa rumfar Tela ba. A rana ta uku da hantsi na same shi a tebur yana karanta korarriya, tun daga farko har ƙarshe, babu biro a hannunsa. Da ya gama ya ajiye ta bisa tebur.

"Yaron nan ya iya rubutu," ya ce. Can kuma ya ƙara, "Amma sha ɗayan nan, ina jin mai ɗab'i ya cinye sifili."

"To a buga ta a fitowa ta biyu mana."

"Hukuncin kwamiti ne, sai kwamiti ya janye. Na safe ya yarda. Na azahar ma ya sauko. Na la'asar ne ya kafe."

Haka muka yi wata huɗu. Kullum in tambaya, kullum na la'asar bai sauko ba. Kunya ce kawai, na sani, shi ma ya san na sani. Sai zazzaɓi na kwana uku ya zo, ya tafi da kwamitin gaba ɗaya.

Makon jiya Sufeto ya yi sallama a ƙofa. Ya rame, rumfar Tela ta yi masa faɗi. Tun bayan rasuwar ya zo ya ce shi da Shugaban kwaleji za su ci gaba da mujalla, amma ba za su taɓa korarriya ba sai da izinin Sakatariya. Na ce na ba da, na la'asar ya yi haƙuri. Yanzu ga shi ya kawo fitowa ta biyu. Shafin farko, sunan Maigida da manyan baƙaƙe, ƙarƙashinsa ɗalibai sha ɗaya da rumfa da bokiti. Ya ce shi da kansa ya tsaya a kan mai ɗab'i, ya bi sunan baƙi-baƙi sau uku, ya kuma sa wa kowace maƙala lamba gaba da baya.

Ya zaro ledar nan tasa daga aljihu, ya dube ta, ya dubi mujallar.

"Tawa shafi biyu da rabi. Tasa tara. Hajiya, ya ci ni. Kuma ya gudu kafin in faɗa masa."

Ya yi dariya, dariyar ta ƙare a hannun riga.

Na ajiye mujallar bisa teburinsa, kusa da kofin jan biro. Ita kuma korarriya tana cikin akwatina da jan rubutunta, ba zan ba kowa ba.

To ku da kuka karanta, kun yi dariya, ni ma na yi, ba laifi, da yana nan da ya ce shi ya shirya muku ita. Abu ɗaya nake roƙo ku taya ni. Ya je inda ba a cire sunan kowa daga kan takardarsa. Allah ya duba tasa da rahama, kada a yi masa irin tantancewar da ya yi wa kansa. Allah ya yafe masa ajujuwan da ya ƙara, ya karɓi sha ɗayan nan da bokitin, ya ninka masa su fiye da yadda shi ma zai iya ninkawa. Ku ce amin.